Sabar PostgreSQL ɗinmu kullum RAM a cike, ƙarshen wata kuma sai ta katse

Abu Ammar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar rumbun bayanai. Ni ke kula da sabar wani kamfanin rarraba kaya. Ubuntu 22.04 ce, RAM gigabait 16, babu swap (wurin da ake warewa a diski don ya tallafa wa RAM idan ya cika), kuma rumbun bayanai na PostgreSQL 14 ne kaɗai a kanta, ita manhajar da ma'aikata ke aiki da ita tana wata sabar daban. Duk lokacin da na buga `free -m` ga irin abin da nake gani:

total 15990, used 5100, free 310, shared 4250, buff/cache 10580, available 6330

Kun ga abin da ya rage ko rabin gigabait bai kai ba. Sauran ranaku lafiya lau ake aiki, amma da wata ya zo ƙarshe, 'yan sashen kuɗi suka fara fitar da rahoto, sai manhajar ta katse wa kowa, a ɗan jima ta dawo da kanta. Oga ya ce in kawo masa lissafin ƙara RAM zuwa 32. Hayar saba kuma da dala muke biya, kun san yadda take idan aka mayar da ita naira. Kafin in kai masa takarda ina so in sani, me ya kamata in riƙa sa wa ido, kuma da wane kayan aiki?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ai ga amsar a gabanka, buff/cache ya cinye sama da giga 10. Ka sa cron, mai maimaita umarni a kan lokaci, ya riƙa buga `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches` duk awa ɗaya, za ka ga free ya tashi. Idan kuma Oga ya yarda da 32 ɗin, ka karɓa kawai.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abu Ammar, don Allah kada ka sa wannan cron ɗin. Ɗan Fagge ka yi haƙuri, amma wannan shawarar za ta ƙara masa wahala ne.

Linux ba ya son barin RAM zaune banza. Duk fayil ɗin da aka karanto daga diski yana ajiye kwafinsa a RAM, don idan an sake nema ba sai an koma diski ba. Shi ne mafi yawan abin da kake gani a buff/cache. Kamar ɗan kasuwa ne da ya baza kayansa a rumfar da ba kowa, mai rumfa na zuwa zai kwashe ya ba shi wuri. Da zarar wani aiki ya nemi RAM, kanel, wato zuciyar Linux da ke rabon RAM, zai saki wannan ajiyar ya ba shi. Idan ka riƙa goge ta duk awa, ka tilasta wa PostgreSQL komawa diski ya sake karanto abin da yake hannunsa ɗazu, lambar free za ta yi kyau a ido, masu aiki kuma su fara kukan manhaja ta yi nauyi.

Lambar da za ka kalla ita ce available. Tun kanel 3.14 a 2014 aka ƙara MemAvailable a /proc/meminfo, saboda mutane sun daɗe suna yin kuskuren lissafin nan da hannu. Taka tana cewa kana da sama da giga 6 da za a iya bayarwa. Wannan ba sabar da RAM ya ƙare mata ba ce, a lokacin da ka duba dai.

Ɗan Fagge:
To Hajiya, idan haka ne me ya sa available bai kai 10,000 ba, tunda kin ce duk buff/cache ɗin za a iya saki?

Maman Sadiq:
Ban ce duka ba, na ce mafi yawa. Dubi shared, 4250. Wannan shared_buffers ne na PostgreSQL, wato RAM ɗin da ya ware don ajiye bayanan da duk ayyukansa ke tarayya a kai, da alama an saita shi a giga 4. Linux yana lissafa shi a cikin buff/cache amma ba zai iya sakin sa ba, don na PostgreSQL ne yana riƙe da shi. Cire 4250 daga 10580, ka ƙara 310, za ka ga ka zo kusa da available ɗin. Kuma drop_caches ɗin naka ma ba zai taɓa shi ba.

Baban Hanifa:
Maman Sadiq ta gama magana a kan wannan ɓangaren. Ni abin da ya ja hankalina shi ne "ta katse wa kowa, ta dawo da kanta". Ƙanena, je ka duba abu biyu ka liƙo mana. Na farko `dmesg -T | grep -i "out of memory"`, ko `journalctl -k -b -1` don ganin na kunnawar da ta gabata idan an kashe sabar an kunna tun lokacin. Na biyu log ɗin PostgreSQL na daidai wannan lokacin, ka nemi "signal 9". Sannan ka turo mana `SHOW work_mem;` da `SHOW max_connections;` da `SHOW shared_buffers;`.

Abu Ammar:
Yallaɓai na duba. A log ɗin kanel akwai layin "Out of memory: Killed process" da sunan postgres a gabansa. A na PostgreSQL kuma akwai "was terminated by signal 9: Killed", sai layi na gaba yana cewa yana rufe duk sauran haɗin da ke aiki, sai kuma "automatic recovery in progress". Ga saitin: shared_buffers 4GB, work_mem 256MB, max_connections 300. Haka na tarar da su daga wanda ya kafa sabar.

Baban Hanifa:
To a nan gizo ke saƙar. OOM killer ne ya kashe maka. Idan RAM ya ƙare ƙarƙaf, kanel yana zaɓar aiki ɗaya, galibi wanda ya fi cin RAM, ya kashe shi ba sallama. PostgreSQL kuma idan aka kashe ɗaya daga cikin ayyukansa ta wannan hanya, ba zai iya tabbatar da cewa bai bar ɓarna a shared_buffers ba, shi ya sa yake korar kowa, ya sake karanta WAL, kundin da yake rubuta duk canjin da aka yi wa bayanai, sannan ya buɗe ƙofa. Katsewar da kuke gani ke nan.

Wanda ya jawo kuma work_mem ne, wato adadin RAM da aka yarda a yi aikin tambaya da shi kafin a koma diski. Asalin saitinsa 4MB ne, ku kuna kan 256MB. Mutane da yawa suna zaton wannan adadin na sabar ne gaba ɗaya, ko na kowane haɗi. Ba haka ba ne. Na kowane mataki ne na jera bayanai ko haɗa tebur da hash a cikin tambaya guda. Rahoton da yake da irin waɗannan matakai uku zai iya ɗaukar 768MB shi kaɗai, idan bayanan suna da yawa. Mutum goma su danna shi lokaci guda, ka kai giga 7 da rabi, kai kuma available ɗinka 6330 ne. Ban ma sa lissafin ma'aikatan parallel ba, wato ƙarin ayyukan da ke taya tambaya aiki, waɗanda kowannensu ke da ikon ɗaukar nasa work_mem ɗin, kuma asalin saiti yana barin biyu su taya tambaya ɗaya.

Ka ga ko an ƙara maka zuwa 32, ranar da mutum talatin suka danna a tare za ka koma gidan jiya. Da ƙofar haɗi 300 a buɗe, babu RAM ɗin da zai ishe ka a wannan saitin.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni MySQL nake riƙe da shi a nan wajenmu, kuma ina ganin daga can aka kwaso irin wannan tunanin na "ba shi RAM da yawa". A MySQL, innodb_buffer_pool_size shi ne babban abu, littafinsu ma ya ce a sabar da ba ta yin komai sai rumbun bayanai ana iya kai shi kashi 80 cikin 100 na RAM. PostgreSQL kuwa kashi 25 ake cewa a fara da shi a shared_buffers, saboda yana dogara da ajiyar da Linux ke yi masa. Don haka a sabar MySQL idan ka ga used ya yi sama, buff/cache ya yi ƙasa, daidai ne. A ta PostgreSQL akasin haka ne daidai. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan, jadawali zai ruɗe shi. Haka SQL Server, idan ba ka sa masa max server memory ba zai yi ta ɗiba har ya kusa cinye na injin, kuma ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi.

Abu Ammar:
Na gode ƙwarai. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na buɗe `top`, na tara RES, wato RAM ɗin da kowane aiki ke riƙe da shi, na duk ayyukan postgres, sai na samu jimillar ta haura giga 40. Ta yaya, injin da ke da 16?

Maman Sadiq:
Saboda kowane haɗi a PostgreSQL aiki ne mai zaman kansa, kuma RES ɗin kowanne yana haɗawa da duk shafukan shared_buffers da ya taɓa. Abu ɗaya kake ƙirgawa sau da yawa. Idan kana son lambar da za a iya tarawa, duba /proc/PID/smaps_rollup (PID lambar aikin ce) ka ɗauki Pss, shi yana raba abin da aka yi tarayya a kai tsakanin masu amfani da shi. Idan kuma abin da aikin ya ci shi kaɗai kake nema, RssAnon a /proc/PID/status ya fi sauƙi.

Kuma tunda kana kan 14 ka yi sa'a. A wannan sigar, wadda ta fito a 2021, aka kawo pg_backend_memory_contexts da zai nuna maka yadda haɗinka yake kashe RAM, da pg_log_backend_memory_contexts, wanda za ka ba shi lambar wani aiki ya zubo bayanin nasa a log. Ranar rahoto, idan ka ga wani aiki yana kumbura, kira shi a kansa.

Na-Zariya:
Ni kuma tambayata ita ce me ya sa babu swap? Da akwai ko giga 4 da abin bai kai ga kisa ba.

Ɗan Fagge:
Swap a sabar rumbun bayanai? Malam ai an daina wannan. Da ta fara shiga swap komai ya tsaya cak, gara ta mutu ta tashi a minti ɗaya da ta yi awa tana jan ƙafa.

Na-Zariya:
Ba a daina ba. Abin da kake faɗa yana faruwa ne idan swap ɗin babba ne kuma ba mai kallo. Ƙarami yana da amfani biyu. Kanel zai tura shafukan da ba a taɓa su tun da aka kunna injin can, ya bar RAM ga masu aiki. Sannan yana ba ka alama kafin a faɗi. Buga `vmstat 1` ka kalli si da so, wato abin da ke dawowa daga swap da abin da ke tafiya can. Idan sifili ne, ko da swap ɗin yana ɗauke da megabait ɗari biyu, ba komai, tsofaffin kaya ne a ajiye. Idan suka fara motsi ba tsayawa, to RAM ya yi ƙaranci da gaske. Sai ka rage vm.swappiness, saitin yawan son kanel na amfani da swap, daga 60 zuwa 10 ko ƙasa.

Baban Hanifa:
Ina tare da Na-Zariya, amma maganar Ɗan Fagge ma ba a banza take ba. Na taɓa ganin saba da swap mai girman RAM ɗinta, tambaya ɗaya ta haukace, ko SSH ba ya shiga, sai da aka kashe ta daga wajen masu hayar. Giga 2 ya isa a inji irin wannan.

Ni abin da na fi so shi ne `vm.overcommit_memory=2`, littafin PostgreSQL kansa ya ambace shi. A yadda Linux yake zuwa, yana yi wa ayyuka alƙawarin RAM fiye da abin da yake da shi, da fatan ba duka za su zo karɓa lokaci guda ba. Ranar da suka zo, sai kisa. Idan ka sa 2, ya daina alƙawarin da ya wuce iyaka. Tambayar da ta nemi abin da babu za ta samu "out of memory" ita kaɗai ta faɗi, sauran mutane su ci gaba da aikinsu.

Maman Sadiq:
Yaya, gaskiya ne, amma a faɗa masa ɗaya rabin, kada ya sa yau gobe ya dawo yana kuka. Iyakar da kanel zai sa ita ce swap haɗe da wani kaso na RAM, kuma asalin vm.overcommit_ratio 50 ne. A injinsa mai giga 16 ba swap, iyakar za ta zama giga 8 kacal, shared_buffers ya riga ya ɗauki 4. Zai fara ganin "out of memory" alhali available yana nuna akwai wuri. Idan zai sa 2, ya ɗaga ratio zuwa kamar 80, da swap giga 2 iyakar ta kusa 15. Kuma kafin ya taɓa komai ya yi kwanaki yana kallon Committed_AS (alƙawarin da aka riga aka yi) da CommitLimit (iyakar) a /proc/meminfo, ya ga inda yake tsaye.

Baban Hanifa:
Haka ne. Allah ya ƙara basira.

Ummu Khalil:
Ina bin ku tun farko. Wata 'yar ƙarin bayani ga masu Docker ko Kubernetes, don na san akwai su a nan. A can `free -m` na cikin kwantena RAM ɗin uwar injin yake nunawa, ba iyakar da aka sa wa kwantenar ba. Za ka ga available giga 20, a kashe maka aiki, saboda ka kai memory.max na cgroup ɗinka, wato iyakar RAM da aka sa wa kwantenar. Wurin dubawa memory.current ne da memory.events, a ciki akwai oom_kill da ke ƙirga sau nawa aka yi kisa. Idan kwantena ta fita da lamba 137, wannan 128 ne da 9, wato signal 9 ɗin nan dai. Kuma overcommit ɗin da ake magana ba ya hana wannan kisan.

Abu Ammar:
Mu dai ba ma kan Docker, amma na rubuta. Yanzu in dawo kan asalin tambayata. Na fahimci ciwon, amma da me zan riƙa sa ido? Ba zan kwana gaban `top` ba.

Ɗan Maraɗi:
Mafi sauƙi sysstat. Ka girka, ka kunna, `sar -r` zai ba ka tarihin RAM na yini, `sar -W` na motsin swap. Ba ya cin komai.

Maman Sadiq:
Sar yana da kyau, sai dai a yadda yake zuwa duk minti 10 yake ɗaukar hoto. Irin matsalar Abu Ammar tana iya tashi ta kashe aiki ta sauka a ƙasa da minti ɗaya. Zai duba tarihi ya ga layi a miƙe, ya ce ba abin da ya faru. Ko ya rage tazarar zuwa minti ɗaya, ko ya sa node_exporter mai fitar da lambobin saba, da Prometheus mai tattara su yana ɗauka duk daƙiƙa 15, Grafana ta zana masa. Kuma a wata saba daban, don idan wannan ta faɗi kada shaidar ta faɗi tare da ita.

A jadawalin ni abin da nake sawa a sama shi ne node_memory_MemAvailable_bytes, ƙarƙashinsa shiga da fitar swap, sai yawan haɗin da ke pg_stat_activity an raba su da yanayinsu: masu aiki, masu zaman banza, da masu "idle in transaction". Sai temp_bytes daga pg_stat_database. Wannan na ƙarshen zai zama maka muhimmi da zarar ka rage work_mem, domin abin da bai samu wuri a RAM ba diski zai koma, kuma a nan za ka gan shi. Ka kunna log_temp_files ma, ya faɗa maka wace tambaya ce.

Akwai kuma /proc/pressure/memory, wanda ya shigo a kanel 4.20 a 2018, injiniyoyin Facebook ne suka kawo shi. Shi ba ya ce maka RAM nawa ya rage, yana ce maka kashi nawa na lokaci ayyuka suka tsaya jiran RAM, a daƙiƙa 10 da 60 da 300 da suka wuce. A ganina ya fi kowace lamba faɗin gaskiya, domin saba tana iya zama da available kaɗan tana aiki lafiya, wata kuma tana da saura amma tana ta zubar da ajiya tana sake karantowa. Kanel ɗin Ubuntu 22.04 yana da shi.

Abin da ba zan taɓa sa wa ƙararrawa ba shi ne "RAM ya kai kashi 90 cikin 100" idan da free aka lissafa. Zai yi ta kuka dare da rana har ka daina kula shi, ranar da abin gaske ya zo ba za ka duba ba.

Ɗan Fagge:
To a nawa za a sa ƙararrawar?

Maman Sadiq:
Babu lamba ɗaya ta kowa. A injinsa ni zan sa gargaɗi idan available ya sauka ƙasa da giga 2 ya daɗe minti biyu, sannan kira na gaggawa duk lokacin da node_vmstat_oom_kill ya ƙaru ko da ɗaya. Bayan wata guda yana kallon jadawalin zai san yadda sabarsa take numfashi, ya gyara.

Na-Zariya:
Kada a manta da haɗi 300 ɗin nan. Ko suna zaune banza kowanne yana riƙe da 'yan megabait, kuma wanda ya daɗe a buɗe yana tara bayanan teburan da ya taɓa. PgBouncer, mai raba haɗi kaɗan tsakanin masu nema da yawa, a gaba, haɗi 30 ko 40 na gaske a baya, ya ishi kamfani irin wannan. Sai dai ya gwada da manhajar tukuna, don a yanayin transaction abubuwan da suka dogara da zama a haɗi ɗaya, irin su SET da LISTEN, ba sa tafiya yadda aka saba.

Abu Ammar:
Assalamu alaikum, na dawo da labari tunda an rufe lissafin wata. Na mayar da work_mem 16MB, na sa swap giga 2 da swappiness 10, na kafa Prometheus da Grafana a ƙaramar saba. Overcommit da PgBouncer ban taɓa ba tukuna, ina tara lambobin Committed_AS kamar yadda Hajiya ta ce. Alhamdu lillahi ba ta katse ba. A lokacin da aka fi danna rahoto available ya sauka zuwa wajen giga 4 da rabi ya koma. Na nuna wa Oga jadawalin, an ajiye maganar 32 a gefe.

Sai dai 'yan sashen kuɗi sun ce rahoto ɗaya, na bashin dillalai, ya ƙara jinkiri sosai. Na duba log, shi kaɗai yana rubuta fayilolin wucin gadi na kusan megabait 180. In ɗaga work_mem ɗin kaɗan ne?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam, barka. Kada ka ɗaga wa kowa saboda rahoto ɗaya. Ka buɗe wa rahotanni asusu nasu daban a PostgreSQL, ka buga `ALTER ROLE` ka sa masa work_mem 128MB shi kaɗai, sannan ka sa masa CONNECTION LIMIT 5. Ko duka biyar ɗin suka ci matakai uku uku, ba su kai giga 2 ba, ka san iyakar abin da za su iya ɗauka, sai dai ka ƙara lissafin parallel a kai. Ka sani kuma abin da ya ci 180 a diski yakan fi haka a RAM, don haka mai yiwuwa 128 ɗin ba zai hana shi taɓa diski gaba ɗaya ba.

Amma kafin wannan, turo mana `EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)` na tambayar, ka goge sunayen dillalan. Ina zargin tana jera duk tarihin teburin ne kafin ta tace na watan, idan haka ne index a kan ranar ciniki zai fi ƙarin RAM amfani.

Baban Hanifa:
Ka haɗo da `\d` na teburin ma, mu ga index ɗin da ke akwai.